Amsoshin Tambayoyinku: Rumbun bayanan sinadarin maza

Wani ɗalibin likitanci daga Zariya yana tambaya: shin akwai rumbu a intanet da ke tara bayanan ƙwayoyin gado masu sarrafa aikin sinadarin androjin?

To malam, akwai. Testosteron, wanda ɗaya ne daga cikin sinadaran androjin, ba ya aiki sai ya kama wani furotin a cikin ƙwayar jiki, kamar makulli da kwaɗo. Ƙwayar gadon wannan furotin, AR, tana kan kuromosom X, wato namiji daga mahaifiyarsa yake gadonta. Jami'ar McGill ta Kanada ta tara sauye-sauyenta sama da 1,000, ciki har da na masu kansar furostet. Sauran ƙwayoyin gado da ke ƙara ƙarfin saƙon androjin ko rage shi kuwa, ka nema a GeneCards ko NCBI. Kyauta ne.