Darasi Ga Manoman Auduga: Kaushin Da Ba Ya Jin Man Kaɗanya

Ya ku manoman auduga, in an gama tsinkar kaɗa an kai kasuwa, waɗansunku kan tafi cin rani Tamanrasset, su sauka Sersouf wurin 'yan'uwa. Aikin can yawanci gini ne da kwaɓa siminti, mutum ya wuni cikin takalmin roba. Garin kuwa bisa tudu yake, ga sanyi ga bushewar iska. Saboda haka kadan tafin ƙafa ya fara yin garin fata fari, sai a ce kaushi ne.

Ba kullum ne kaushi ba. Akwai wata ƙwayar cuta, dangin ta makero, wadda likitoci ke kira Trichophyton rubrum. Tana son gumi da rufaffen takalmi, ana kuwa ɗaukarta a wurin wanka na taro da silifa na aro. Ga alamunta: garin fata ya bi layukan tafin ƙafa kamar an barbaɗa alli, ya hau gefe ya tsaya daidai inda bakin takalmi ke tsayawa. Wani lokaci takan kama hannu ɗaya. Man kaɗanya yakan tausasa kaushi, amma wannan ko an shekara ana shafawa tana nan.

To, me ya sa magani ɗaya ba ya isa? Domin fatar ta yi kauri, maganin ba ya ratsawa. Kun san taki a kan busasshiyar ƙasa wadda ba a kafce ba. Sai a haɗa biyu: mai kashe ƙwaya, watau clotrimazole ko terbinafine na kashi 1 cikin 100, da mai tausasa fata, watau man yuriya. A kantin magani na can ku ce "urée". Kada wani ya ce ai muna da yuriya a buhu. Sunan ɗaya ne, amma takin gona ba na shafawa ba ne.

Ku wanke ƙafa da sabulu, ku share ta sarai har tsakanin yatsu. Ku shafa mai kashe ƙwaya safe da dare, tafi duka da gefe. Man yuriya sau ɗaya a yini, bayan na farin ya shige, kuma a wurin kauri kaɗai. Ban da tsakanin yatsu, ban da faso mai jini. Kada ku dama su a gwangwani guda. Clotrimazole yana son mako 4 cur. Nan ne yawancin mutane ke kasawa, ƙaiƙayi ya lafa a mako na farko su ajiye.

Tsohon man Whitfield, wanda ke ɗauke da sunan wani likitan fata na Ingila, shi ma haɗi ne tun asali, ga kuma araha, ko da yake bai kai na yanzu ƙarfi ba.

Lalle ku guji man bilicin da duk mai betamethasone ko clobetasol. Yana kwantar da ƙaiƙayi, ƙwayar kuwa ta ƙara yaɗuwa.

Mai ciwon sukari kada ya fara kome sai ya ga likita. Haka wanda farcensa ya yi kauri ya ɗoru, ko wanda ya cika mako 4 bai ga sauƙi ba, gama wannan sai da maganin haɗiya. Takalmin feshin auduga kuma, can ko gida, a shanya shi a rana kowace rana, a sa safa mai tsabta.