Matatar Iska ta Mota: Ta Asali da Ta Kasuwa

Kowa ya san wuta ba ta ci sai da iska. Shi ya sa maƙeri ba ya rabuwa da zugazugi, mace kuma in itace ya ƙi kamawa sai ta durƙusa ta hura. To, injin mota shi ma wuta ce ke ci a cikinsa. Fetur ya kan gauraya da iska, su shiga cikin silinda, fulogi ya ƙyasta musu wuta. Ƙarfin wutar nan shi ke tura fistin, har ƙafafun mota su juya.

Iskar da inji ke sha ba kaɗan ba ce. Masana sun auna, sun ga kilo 1 na fetur ba ya ƙonewa sarai sai da iska kilo 14.7. Iska kuwa abu ce marar nauyi. Saboda haka lita ɗaya tak ta fetur tana bukatar iska wajen lita 9,000. Ku tuna da duron mai, mai cin lita 200. Watau duro 45 ke nan cike da iska, domin lita guda ta fetur. In direba ya ƙone lita 50, injinsa ya shaƙi duro 2,250.

Yanzu mu tambayi kanmu, wace irin iska ce wannan? Ita ce iskar hanyar da mu ke bi. Da rani babbar mota ta wuce ta tayar da jar ƙura, ta bayanta ta shiga ciki. Da hunturu kuma ga hazo, wanda iska ke kwaso mai yawa daga cikinsa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, ta watsa mana har cikin ɗaka. Ƙurar hanya yawancinta yashi ne da ya niƙu, yashi kuwa yana cin ƙarfe. In ta shiga silinda sai ta gauraya da baƙin mai, ta zama kamar tokar da a ke goge tukunya da ita. Kullum fistin ya hau ya sauka sai ta ɗan ci ringi, ta ɗan ci jikin silinda. Ba a jin ƙarar wannan ɓarna. Sai wata rana a ga mota tana shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, bakanike ya ce sai an sauke inji.

Domin tsare wannan ne a ke sa matatar iska, wadda kanikawa ke kira iya kilina. Aikinta ɗaya ne da na amawalin da matafiyi ke ja bisa hancinsa: iska ta wuce, ƙura ta tsaya.

A da, motoci kamar tsohuwar Land Rover da Volkswagen mai kama da kunkuru suna da matata mai kwanon mai. Iska ta kan sauko ta bugi man, ta juya sama ta bi ta cikin ragar waya, ƙura ta maƙale. Tun wajen shekarun 1960 matatar takarda ta yi ta maye gurbinta. Takarda ce ta musamman, an nannaɗe ta ninki-ninki domin mai faɗi ta shiga ƙaramin akwati, an kewaye bakinta da roba. Irin wadda kamfanin motar ya zaɓa mata, ita mu ke kira ta asali.

Amma in mutum ya je wajen masu sayar da kayan gyaran mota, ba ita kaɗai zai tarar ba. Akwai ta takarda wadda wani kamfani dabam ya yi. Cikin waɗannan akwai nagari ƙwarai, har wasunsu masana'anta guda ce ke yin su da ta asali, suna kawai aka sāke. Akwai kuma jabu, mai ƙarancin ninki da busasshiyar roba. Sa'an nan akwai wata iri ta auduga, wadda a ke matse ta tsakanin ragar waya a shafa mata mai. Wani kamfanin Amurka mai suna K&N shi ya yi suna da ita, tun 1969, da fari domin baburan tsere. Ba a yar da ita in ta yi datti, wanke ta a ke yi a sāke shafa mata mai. Wata ta kan zo da siffar mazurari, a cire akwatin matata gaba ɗaya a ɗaura ta a bakin bututu. Samari na son ta, domin an ce tana ƙara wa mota ƙarfi, tana kuma rage shan mai.

Bari mu duba maganar nan a hankali, gama a nan kuɗin mutane ke tafiya.

Gaskiya ne iska ta fi wucewa da sauƙi ta cikin auduga. Amma ba matata ce kaɗai ke kan hanyar iska ba. A bayanta akwai wata 'yar ƙofa cikin bututu, wadda ke buɗewa gwargwadon yadda direba ya taka totur. Cikin gari, ko bisa babbar hanya a gudu madaidaici, ƙofar nan a ɗan buɗe kawai ta ke. Ita ce ke tsare iska, da nufin direba. Ku ɗauka gida ne mai zaure biyu. In ƙofar ciki mutum ɗaya ke iya bi, ko an faɗaɗa ta waje har raƙumi ya shiga, waɗanda za su isa tsakar gida ba su ƙaru ba. Sai an take totur har ƙasa, inji na kuka iyakar ƙarfinsa, sa'an nan bambancin matata zai fito. Ko a nan ma ɗan kaɗan ne, domin masu ƙera mota su kan yi matatar asali da faɗin da ya ishe injin. Abin da ya fi ƙaruwa shi ne ƙara. Mota ta riƙa gurnani, direba ya ji daɗi, ya ce ƙarfi ya zo. Kunne ne ya gaya masa, ba agogo ba.

Batun shan mai kuwa an gwada wani abu mai kama da shi. A 2009 masana na wurin bincike na Oak Ridge a Amurka suka ɗauki motoci uku na zamani da wata tsohuwar Pontiac ta 1972, suka toshe musu matata, suka auna. Motocin zamani, masu injekta da kwamfuta, shan mansu bai sāke ba wani abin kirki. Dalili kuwa, kwamfutar tana auna iskar da ta shigo, ta ba da fetur daidai da ita. Abin da suka rasa shi ne zafin tashi: da aka mayar musu da matata mai tsabta, lokacin da su ke ɗauka kafin su kai gudu ya ragu da kashi 6 zuwa 11 cikin 100. Tsohuwar mai kafireta ita ce ta sha mai da yawa, gama kafireta ba ta san lissafi ba, in iska ta ragu sai fetur ya yi rinjaye. To, ku lura. In matatar da ta toshe ba ta ƙara wa motar zamani shan mai ba, ta yaya mai sakin iska za ta rage shi? Masu tsofaffin motoci, da babura da janareto masu kafireta, su ne toshewar matata ke ci wa aljihu, maganinsu kuwa matata mai tsabta ce, ba mai tsada ba.

Ga wani ɗan lissafi da ya kamata kowa ya yi a allonsa. A ce matata biyu ne. Ta fari tana tsare kashi 99 cikin 100 na ƙura, ta biyu kashi 98. Mai saye zai ce ai kusan ɗaya ne. A'a. Cikin kowane cokali 100 na ƙura, ta fari ta bar cokali 1 ya wuce, ta biyu ta bar cokali 2. Watau inji ya ci ninki biyu. Matan gida sun san wannan tun tuni: rariya mai manyan idanu ta fi saurin tankaɗe, amma tsaki ya kan bi gari. A ƙasar da a ke yawan ruwa, hanyoyi kuma duk kwalta ne, mutum na iya yin wannan ciniki bai ga hasara da wuri ba. Mu da ke tuƙi cikin hazo wata da watanni, a ganinmu cinikin bai yi ba.

Akwai sauran abu biyu game da ta auduga. Man da a ke shafa mata shi ke kama ƙura. In ya yi kaɗan ƙura ta wuce. In ya yi yawa iska ta kan kwashe shi ta shafa wa na'urar awon iska da ke bayan matata, wata siririyar waya ce mai zafi. Da ta yi datti sai ta riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya, mota ta dinga shaƙewa, fitilar inji ta kama. A 2004 kamfanin General Motors ya aika wa kanikawansa takardar gargaɗi a kan haka. Na biyu, mai siffar mazurari in an bar ta tsirara ƙarƙashin murfin inji, iskar da inji ya ɗumama ita ta ke zuƙa. Iska mai zafi ba ta da kauri. Wadda ta kai awo 60 na zafi ta gaza mai awo 30 da kusan kashi 9 cikin 100. Akwatin asali kuwa an ja bakinsa waje domin ya sha mai sanyi. Sai mutum ya biya kuɗi ya rage wa motarsa ƙarfi.

Amma mu faɗi gaskiya, mafi yawan injunan da ƙura ta kashe a wajenmu ba auduga ce ta kashe su ba. Jabu ce, da sakaci. Matatar da robarta ba ta zauna daram cikin akwati ba, ko da takardarta ta fi kowace kyau, banza ce, gama iska ta kan bi ta gefe inda babu mai tsare ta. Araha ba ta ado. Wani kuma in matata ta toshe sai ya kai wa mai faci ya hura ta da iska mai ƙarfi, takarda ta tsage inda ido ba ya gani. Wani ya wanke ta takarda da ruwa ko fetur. Wani ma cire ta ya ke yi ya ajiye, wai mota ta numfasa. Ba kuwa kowace matata mai launin ƙasa ce ta mutu ba. 'Yar ƙurar da ta kwanta a kanta tana toshe manyan ƙofofi, har ta ƙara mata iya tacewa. Littafin kowace mota ya faɗi lokacin canji, ya kuma ce a gaggauta shi in ana bin hanya mai ƙura.

In za ku saya, ku tafi da tsohuwar a hannu. Ku gwada tsawo da faɗi, ku ƙirga ninki, ku matsa robar ku ji ko tana da laushi. Ku ɗaga sabuwar ga rana, in kun hangi ɗigon haske kamar hudar allura ku mayar wa mai ita. Bayan an sa, a tabbata murfin akwati ya rufu, duk maƙallansa sun kama, bututun roba kuma bai tsage ba.

Bayan mako biyu ko uku sai a kashe inji, a buɗe akwatin, a ɗaga matata. A sami farin ƙyalle a shafi cikin bututun da ke bayanta, wajen da ya nufi inji. In ƙyallen ya fito fari, matata na aikinta. In ya fito da jar ƙura, ƙurar nan ta riga ta san hanyar silinda, sai a nemi inda ta ke bi tun a ranar.