Hayaƙin Gidanka da Numfashin Maƙwabcinka

Ya kai mai karatu, ka kasa kunne ga abin da ya sami birnin Landan, gama akwai koyarwa a cikinsa.

A watan Disamba na shekara ta 1952 aka yi sanyi mai tsanani a Ingila. Mutanen Landan suka yi ta ƙona kwal a gidajensu domin su ji ɗumi, masana'antu da tashoshin lantarki kuma suna ta fid da nasu hayaƙi. Iska ta kwanta, hayaƙi ya gauraya da hazo, ya lulluɓe birnin tun daga ran 5 har ran 9 ga wata. A lokacin nan aka lissafta mamata wajen 4,000. Binciken da aka yi daga baya ya kai su wajen 12,000. A 1956 majalisa ta kafa dokar tsabtace iska.

Ka lura, ba wanda ya hura wuta da nufin kisa. Kowa yana ganin nasa hayaƙi kaɗan ne. Amma kaɗan ɗin nan ne ya taru ya shaƙe tsofaffi da masu ciwon ƙirji.

Saboda haka ka gwada kanka. Abin da ka ke marmarin saye, bukata ce ko kwaɗayi? Ka sani yawancin kayan masana'anta sai an ƙona makamashi kāna a ƙera su. Ka gyara abin da ya lalace kafin ka nemi sabo. Kada ka ƙona roba inda mutane su ke. Ka koyi wadar zuci, gama iskar da ka ɓata, ita maƙwabcinka za ya shaƙa.