Yadda Ake Zaman Zikiri Bayan Asuba

Zaman yana farawa ne tun daga bakin buta. Wanda ya yi alwala a gurguje, yana watsa ruwa yana lissafin kuɗin cefane, da lissafin nan zai hau buzu. Shi ya sa dattawan da na tashi ina gani ba sa hira da kowa kafin sallah, wayarsu kuma a ɗaki take kwana.

An yi sallama, ba a tashi. Mutum ya gyara zama yana fuskantar alƙibla, ya tanƙwashe ƙafa yadda gwiwarsa za ta ɗauka, baya a miƙe amma ba a sandare ba. Da yawa sukan ja mayafi ko rawani su lulluɓe kai, domin ido idan ya rasa abin kallo zuciya takan rage yawo. Carbi a hannun dama.

Abin karantawa sananne ne: istigfari, salatin Annabi, hailala. 'Yan Tijjaniyya suna yin kowanne ƙafa 100 safe da yamma, shi ne lazimin da suka gada daga Shehu Ahmadu Tijjani wanda ya rasu a Fas a 1815, kuma da izinin muƙaddami ake ɗaukarsa. Ƙadirawan gidan Shehu Nasiru Kabara a Kano suna da nasu wuridin, har da zikirin anfasu da ake yi da numfashi. Wanda ba ya ɗariƙa yana da azkar ɗin safiya da kowane Musulmi ya sani. Kowa dai da abin da ya karɓa, amma wuri ɗaya duk ake tuntuɓe.

Tun ba a ci rabin carbi ba tunani zai iso. Baƙar maganar da maƙwabci ya yaɓa maka jiya, ko mai bin bashi, ko yaron da ya kwana da zazzaɓi. Jiki ne yake fara tona asiri: yatsa ya ƙara gudu, haƙora su cije, kafaɗa ta ɗaga, numfashi ya maƙale a ƙirji. Baki yana ta istigfari, zuciya kuwa tana can tana shirya amsar da ya kamata a ce ta mayar jiya. Sai ka ji limamin carbi a hannunka, ba ka san yadda ka iso ba.

A nan sabon shiga yakan hau kokawa da tunanin, ya ce lallai sai ya kore shi, tunanin kuwa ya ƙara kafewa. Wani ya ji haushin kansa, ya ce shi ba shi da rabo, ya naɗe carbi ya tashi. Gwani tsayar da yatsa yake yi a kan ƙwayar da yake, ba gaba ba baya. Ya kira abin da sunansa a ransa: wannan fushi ne, wannan tsoro ne. Ya duba inda ya kama shi, wuya ne ko ciki, ya saki wurin. Sannan ya ja iska ta hanci, ya sake ta a hankali tare da kalmar, fitar ta fi shigar tsawo. Bugun zuciya yana raguwa ne lokacin fitar da numfashi, haka aka halicci jiki, don haka jan fitar yana kwantar da shi da gaske. Sai a matsar da ƙwaya ɗaya. Numfashi ɗaya, ƙwaya ɗaya, har harshe da zuciya su sake haɗuwa. Za ta kuma kuɓucewa, a kuma juyo da ita, yadda makiyayi yake juyo da akuya daga gonar mutane ba tare da duka ba. Wani tsohon tela da ya koya mini ya ce, "Ɗana, dawowar nan ita ce aikin, kada ka gaji da ita." Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a littafinsa Ihya'u kan muraƙaba da muhasaba, tsare zuciya da yi mata hisabi, domin ya san nan ne wahalar take.

Wani lokaci hawaye ne zai zo maimakon fushi. A bar shi ya zuba.

Waɗanda suka fi burge ni a wannan fanni iyayenmu mata ne. Jariri ya yi kuka, tsohuwa ta ɗora shi a cinya, carbi bai tsaya ba, fuska ba ta canza ba. Yanzu kuwa ana sallama hannu yake shiga aljihu neman waya, abin yana yi mini ciwo.

Ba a zabura a tashi. A yi addu'a, a shafa, a ɗan zauna shiru babu karatu babu ja. Mai hali ya jira hantsi ya yi walaha. Mai farawa minti 10 ya ishe shi, muddin wuri ɗaya ne, lokaci ɗaya, kullum. Wanda kuwa damuwa ta hana shi barci da abinci mako bayan mako, ya riƙe zamansa, ya kuma je ya ga likita.