Littafin lissafi: makamin da mai kiwo ke raina

Darasinmu na yau a kan abin da manyan kamfanoni ke kashe wa maƙudan kuɗi ne: tattara bayanan kasuwanci, a yi nazarinsu, sannan a yanke shawara. Su suna amfani da manhajoji irin su Power BI. Kai da ke da kaji 100 a Kazaure ko tankin tarwaɗa a Roni, littafin ɗan makaranta da biro sun ishe ka farawa.

Abin da na lura da shi wajen yawancin masu kiwo a yankinmu shi ne, an san kuɗin da ya shigo, amma ba a san nawa aka kashe kafin ya shigo ba. Kuɗi na wucewa ta hannu, jari na narkewa a hankali.

Abu huɗu za ka riƙa rubutawa kullum: abincin da aka ci, abin da aka samu, abin da ya mutu, da kuɗin da ya fita ko ya shigo.

Mu ɗauki masu ƙwai. Kaza ɗaya tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 100 za su cinye buhu mai kilo 25 cikin kusan kwana biyu. In suna ba ka ƙwai 80 a rana, buhun ya haifar da ƙwai 160, fiye da kiret biyar. In suka sauka zuwa 55, buhu ɗaya dai, amma ƙwai 110, bai kai kiret huɗu ba. Raba kuɗin buhu da yawan ƙwan, ka ga nawa ƙwai ɗaya ya tsaya maka. Wanda ba ya rubutu sai wata ya ƙare zai farga.

Haka kifi. Duk sati biyu ka kamo guda 10 ka ɗora a sikeli. In an ci kilo 15 amma nauyin da tankin ya ƙara bai kai kilo 10 ba, da sake: ko ruwa ya lalace, ko ana zuba abinci fiye da kima, ko manya na danne ƙanana.

Amfanin rubutu yana fitowa sosai bayan shekara. Littafinka zai nuna maka yadda zafin Maris zuwa Mayu ke rage ƙwai da kashe burola, sai ka san yawan 'yan tsakin da za ka zuba a lokacin. Zai nuna maka masara ta fi araha da kaka, ka saya a Babura ko Gwiwa ka ajiye. Zai tuna maka ka ƙirga sati shida zuwa takwas baya daga Sallah kafin ka zuba burola.

Shawarata: ka raba kuɗin gona da na cefane, ka rubuta har kazar da aka yanka wa baƙo. Duk Juma'a ka zauna minti 15 ka duba lissafin sati. In hannunka ya faɗa, sai ka koma Google Sheets a waya.

Fara yau, ko da kaji 20 ne. Allah ya sa albarka a kiwo.