DARASIN WANNAN WATA: KWAMFUTA TA DAINA MAGANA BAYAN FOMATIN

Yanzu kwamfuta ta shigo ƙauyuka. Ana samun ta a makaranta, da shagon buga takardu, da hannun samari masu sana'ar hoto. Yawancinta ta hannu ce, wadda aka sayo a kasuwa. Idan ta yi nauyi ko cuta ta shige ta, sai a kai ta a yi mata fomatin. Fomatin shi ne share duk abin da ke cikinta, a sake ɗora mata Windows sabo.

Sau da yawa bayan an yi haka sai murya ta ɗauke. A kunna karatu, shiru. A kunna bidiyo, ga hoto yana motsi amma babu sauti. Mai ita sai hankalinsa ya tashi. Wani ya je ya sayi sabuwar lasifika. Wani kuma a ce masa injin ya ƙone, ya kawo kuɗin gyara. Alhali a mafi yawan lokaci babu abin da ya lalace. Direba ne kawai ya ɓata.

MENE NE DIREBA?

A cikin kwamfuta akwai sassa da yawa. Akwai na sauti, da na hoto, da na kama intanet. Sau da yawa kamfanoni daban-daban ne suke ƙera sassan. Windows ba ya iya sarrafa sashe sai da wata 'yar manhaja da ta san yarensa. Wannan manhaja ita ake kira direba.

Misalinta kamar motar ɗaukar hatsi ce. Ga mota lafiya lau, ga mai a tanki, ga buhuna an loda. Amma in babu direba, ba za ta motsa daga tasha ba. Haka sashen sauti yake. Fomatin yana share direbobi tare da sauran kaya. Windows na zamani yakan mayar da wasu da kansa, wasu kuma sai an nemo su.

MATAKI NA 1: A FARA DA ABU MAI SAUƘI

Kafin a zargi direba, a duba waɗannan. Shin an rage murya ne ko an rufe ta? Shin lasifikar waje tana da wuta? A kwamfutar tebur, wayar lasifika tana shiga ƙaramin rami mai launin kore. A tabbata can aka soka ta.

Sannan a dubi hoton lasifika da ke ƙasan allo, kusa da agogo. Idan akwai alamar X a jikinsa, kuma ya rubuta No audio output device is installed, to Windows bai ga sashen sauti ba. Sai a wuce mataki na gaba.

MATAKI NA 2: A BUƊE RAJISTAR SASSA

Windows yana da wuri guda da ya jera duk sassan kwamfuta. Sunansa Device Manager. A danna maɓallin Windows tare da harafin R. Ƙaramin akwati zai fito. A rubuta devmgmt.msc a ciki, a danna Enter.

Za a ga jerin sunaye. A nemi wanda ke da alama mai kusurwa uku, launin rawaya, da alamar motsin rai a tsakiya. Wannan alama tana nufin sashen yana da matsala. Yawanci ana samun sa a ƙarƙashin Other devices. Wani lokaci sunansa Unknown device, wato sashen da ba a gane ba. Wani lokaci Multimedia Audio Controller. Idan an buɗe shi aka ga Code 28, ma'anarsa ba a ɗora masa direba ba.

MATAKI NA 3: A NEMO LAMBAR SASHEN

Makiyayi yana gane saniyarsa da shaidar da ke jikinta. Haka kowane sashe yake da lambar shaida da kamfani ya sa masa. Fomatin ba ya share wannan lamba, domin a jikin sashen take.

A danna sunan sashen sau biyu. A zaɓi Details. A cikin jerin da ya sauko a zaɓi Hardware Ids. Za a ga dogon rubutu. Ga misali:

HDAUDIO\FUNC_01&VEN_10EC&DEV_0269

Kada tsawonsa ya ba da tsoro. Wuri biyu ne ake bukata. Haruffa huɗu da ke bayan VEN suna nuna kamfanin da ya ƙera sashen. Huɗun da ke bayan DEV suna nuna irin sashen. A wannan misali, 10EC lambar kamfanin Realtek ce na ƙasar Taiwan. Ita kuwa 0269 tana nufin sashen sauti mai suna ALC269.

Ga lambobin wasu kamfanoni da aka fi gani:

10EC: Realtek
8086: Intel
14F1: Conexant
111D: IDT
1002: AMD
10DE: NVIDIA

A kwafe lambar a takarda harafi bayan harafi. Kuskuren harafi ɗaya yana iya kai mutum ga direban da ba nasa ba. Idan lambar ba ta cikin wannan jeri, a rubuta ta a Google, sunan sashen zai fito.

MATAKI NA 4: A SAN SUNAN KWAMFUTA DA IRIN WINDOWS

Cewa “HP ce” ko “Dell ce” bai isa ba. Kowane kamfani yana da samfuri da yawa. A duba takardar da aka manna a ƙasan kwamfuta ko a mazaunin batir. Kamfanin Dell yana sa wata lamba mai haruffa 7 da ake kira Service Tag. Idan takardar ta goge, a danna Windows da R, a rubuta msinfo32. Sunan samfurin zai fito a gaban System Model.

A nan kuma za a ga irin Windows da aka ɗora. A lura ko mai 32-bit ne ko mai 64-bit. Direban ɗaya ba ya hawa kan ɗayan. Windows 11, wanda ya fito a 2021, mai 64-bit ne kaɗai.

MATAKI NA 5: INA AKE SAMUN DIREBA?

Wuri na farko shi ne Windows Update. A haɗa kwamfuta da intanet, a shiga Settings, a bar ta ta nemi sababbin abubuwa. A duba har cikin Optional updates, domin direbobi sukan maƙale a can.

Idan bai samu ba, wuri na biyu shi ne shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. A shiga ɓangaren Support, a rubuta sunan samfurin. A zaɓi irin Windows, sannan a zaɓi Audio. Idan an ga direba biyu, lambar VEN da aka kwafe ita za ta raba gardama.

Wani lokaci direban intanet ma ya ɓata. To sai a haɗa waya da kwamfuta ta kebul, a kunna USB tethering a cikin wayar. Ko kuma a sauke direban a wata kwamfuta, a ɗauko shi a filash. A tanadi data isasshiya, domin wani direban sauti yana wuce megabait 200.

MATAKI NA 6: A ƊORA SHI

A danna fayil ɗin da aka sauke sau biyu, a bi umarnin da ya fito. Idan ya gama, a kashe kwamfuta a sake kunnawa. A koma Device Manager. In alamar rawaya ta tafi, aiki ya yi kyau. A kunna wani karatu a saurara.

GARGAƊI

Intanet kasuwa ce, akwai na kirki akwai 'yan damfara. Wasu shafuka suna da manyan maɓallai masu cewa Download. Wasu suna tallar manhajar da wai za ta gyara duk direbobi nan take, daga baya su nemi kuɗi. Ta irin wannan hanya cuta take sake shiga kwamfutar da aka wanke jiya. Kamfanonin da suka ƙera kwamfuta kyauta suke ba da direba. Duk wanda ya nemi lambar katin banki saboda direba, a guje shi.

A kuma sani cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020. Ya kuma kawo ƙarshen kulawa ta yau da kullum ga Windows 10 a Oktoban 2025. Mai tsohon Windows sai ya ƙara taka-tsantsan wajen sauke kaya.

IDAN HAR YANZU SHIRU

A soka abin sauraro na kunne. Idan an ji sauti a kunne, wataƙila direba lafiya yake, lasifikar ciki ce ta mutu. Idan ko a kunne babu, wataƙila sashen sautin ne ya lalace. Ko a nan ba sai an jefar da kwamfuta ba. Akwai ƙaramin katin sauti da ake sokawa a ramin USB. Windows yakan gane shi da kansa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kafin a yarda a yi fomatin, mai kwamfuta ya kwashe takardunsa da hotunansa a filash. Ya rubuta sunan samfurin a littafi. Ya sauke direban sauti da na intanet ya ajiye. Ranar karɓar ta daga wajen mai gyara, ya kunna sauti a gabansa kafin ya biya kuɗi.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin direba a cikin kwamfuta?
2. Me alamar rawaya take nufi a Device Manager?
3. Wane kamfani ne mai lamba 10EC?
4. A faɗi wurare biyu amintattu da ake samun direba.
5. Me ya kamata a yi kafin a kai kwamfuta fomatin?

AIKI: Kowane ɗalibi ya kwafe lambar misalin da ke sama a littafinsa. Ya ja layi ƙarƙashin lambar kamfani, ya zagaye lambar sashe, ya nuna wa malamin aji.