Yadda Garin Arkata Ya Mai Da Fadama Matatar Ƙazamin Ruwa

Arkata ƙaramin gari ne a gaɓar tekun Fasifik, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, mutanensa ba su kai 20,000 ba. Yana bakin Mashigin Hambolt, inda ake kiwon kawa, wato wata halittar ruwa mai ɓawo. Kawa tace ruwa take yi ta sami abinci, saboda haka duk ƙwayar cutar da ta biyo ruwan masai a jikinta take taruwa, mutane kuwa sukan ci ta ɗanya. Ban da wannan, bakteriyar da ke ruɓar da ƙazanta tana zuƙe iskar oksijin da kifi ke shaƙa.

A 1974 hukumar jihar ta hana zuba ruwan najasa a irin waɗannan mashigai, sai fa in an tabbatar zai amfani wurin. Aka kawo shawarar gina babbar matata ta haɗin gwiwa mai tsadar gaske. Mutanen Arkata suka ƙi. Malamai biyu na jami'ar garin, George Allen da Robert Gearheart, suka shiga gaba wajen gwada wata dabara, aka kammala aikin a 1986 a filin da dā juji ne.

Da farko ana tsayar da ruwan a manyan tankuna, dauɗa mai nauyi ta kwanta a kwashe ta. Daga nan sai ya wuce tafkuna masu faɗi. A nan ne ɗalibi ya kamata ya natsu, domin cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ake yi: gansakuka na amfani da hasken rana ta saki oksijin, bakteriya ta shaƙa ta narkar da ƙazanta, abin da ta fitar kuma, wato iskar kabon da sinadaran taki, shi ne abincin gansakuka. Sai dai ruwan kan fito kore shar, gansakukar kanta ta zama dauɗa.

Maganin wannan shi ne fadamun da aka haƙa aka dasa wa ciyayi, ciki har da kacalla, wadda manoman Haɗeja da Nguru suka sani a matsayin annoba mai toshe hanyoyin ruwa. A Arkata aiki take yi. Inuwarta na hana gansakuka haske ta mutu ta nutse, saiwoyinta da kararenta kuma sun zama mazaunin bakteriya. Bayan an kashe ragowar ƙwayoyin cuta, akan saki ruwan cikin mashigin. An ga tsuntsaye fiye da iri 300 a wurin.

Dabarar tana cin fili da yawa, shi ya sa ta fi dacewa da ƙaramin gari. Laka na taruwa a fadamun, dole a riƙa yashewa. Babbar barazanar kuwa ita ce ƙasar yankin tana nutsewa a hankali, teku na ƙara tasowa, ga shi ganuwar ƙasa ce kawai ta raba tafkunan da ruwan gishiri.